Ciwon Mantuwa na Matan Damargu

Tun ranar Litinin da lokotoro, wato likitan Nasara, ya sauka a Tanut, Yahuza bai zauna ba. Ya shiga ɗakin magani ya jera kwalabe, ya fito, ya koma ya sake jera su. Ya tafi rijiya ya manta guga. Ya dawo ya tsaya a bakin rumfar marasa lafiya yana ƙirga mutanen da ya san adadinsu sarai, su huɗu ne, jiya ma su huɗun ne. Wanda bai san shi ba sai ya ce ko ciwon waɗanda yake jinya ne ya fara taɓa shi.

Yahuza shi ne malamin asibitin Tanut, wanda Nasara ke kira anfirmiye. A Damagaram ya yi lakwal, wato makarantar Nasara, aka koya masa wankin gyambo da lambar agana da Faransanci daidai na aiki, sannan aka turo shi ƙasar Damargu, inda Tanut take. Wannan kakar ta 1926 ita ce ta uku da ya yi a garin. Gero ya yi kyau a shekarar, Buzaye sun cika kasuwa da raƙuma suna awo, kowa yana cikin walwala ban da shi.

Jinyar masu taɓin hankali ba ta cikin aikin da aka ba shi, shi ya ɗora wa kansa. A wancan zamanin in mutum ya zare, danginsa sukan sa ƙafarsa a turu, wato gungumen icen nan da ake huda wa rami, a ajiye shi a bayan ɗaki. A kira malami ya yi rubutu, in bai ci ba a kira 'yan bori. Yahuza ba ya faɗa da malami, ba ya faɗa da 'yan bori. Da turu kawai yake faɗa. Ya kafa rumfa a bayan gidan likita, ya riƙa roƙon mutane su kawo masa nasu. In an kawo sai ya cire ƙafar daga ice, ya ba da abinci a kan kari, ya zauna da mutum ko da ba magana, in ya ga jiki ya fara sauka ya ba shi tufkar igiya ko sussuka. Kullum kuma yana rubutawa a kayensa, littafin nan mai baƙin bango: wane ya yi barci, wance ta ci tuwo, wane ya amsa sallama yau. Wasu sun warke, wasu ba su warke ba, ɗaya ya tsere ya bi ayari har yau ba labari.

Matan da aka kawo kuwa uwarsa Dado ke kula da su. Dado ungozoma ce, rabin yaran Tanut a hannunta suka faɗo, kuma bakinta ba ya tsoron kowa. Yahuza ne ɗanta na fari. Kamar yadda aka saba, kakarsa ce ta goya shi, ya tashi yana kiran uwarsa Yaya. Ita kuwa shekara talatin da ɗaya ke nan ba ta taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari ta hana. In za ta yi masa magana sai ta dubi kaza ko turmi ta ce, “A gaya wa wancan tuwo na hucewa.” Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, haka kowace uwa ta gari take yi.

Shi lokotoro dogo ne mai jan wuya, daga Damagaram yake zuwa rangadi bayan wata huɗu huɗu. Mutanen Tanut sun sa masa suna Mai Alƙalami, don ko abinci yake ci hannu ɗaya na rubutu. A faɗi gaskiya ba mugu ba ne, ya ma fi da yawansu tausayi. Aibinsa ɗaya, yana so ya gano abin da ba wanda ya taɓa ganowa kafin shi. Ranar da ya fara ganin kayen Yahuza, ya karanta shi a tsaye har rana ta karkata. Daga nan ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wata mujalla ya shimfiɗa a kan tebur.

“Ka ga wannan?” in ji lokotoro. “Ta likitocin Faransa ce. Duk wanda ya gano sabon abu sai ya rubuta ya aika, manyan malamai su duba, in sun yarda a buga. Dubi nan sama, sunan mai binciken ne. Ni da kai za mu rubuta tamu a kan marasa lafiyarka. Sunana a sama, naka a ƙarƙashinsa.”

Yahuza ya sa yatsa ya shafa wurin da sunan yake. Kada a yi masa dariya da yawa. Mutumin da ya girma ana ce masa wancan a gidan uwarsa, in aka ce za a buga sunansa da baƙin tawada a karanta a bayan teku, dole abin ya shige shi. Tun daga ranar ba abin da yake so a duniya kamar ya ga wannan shafin.

To daga nan ɓarnar ta faro. Lokotoro yana da tambayoyin da yake gwada hankali da su: yau wace rana ce, wane gari muke, yaya sunan mijinki, yaya sunan ɗanki. Mace ta farko da ya gwada wata ce daga Tarka, wadda ta rikice bayan haihuwar fari. Ta faɗi rana, ta faɗi gari. Da aka zo kan miji da ɗa sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Ban sani ba.” Yahuza ya juya masa maganar da Faransanci yadda ta faɗe ta. Ya buɗe baki zai ƙara bayani, sai ya ga lokotoro ya miƙe zumbur, idanunsa na ƙyalli, alƙalami ya kama gudu a kan takarda. Yahuza ya haɗiye bayanin, ya ce a ransa gobe ya faɗa masa. Goben nan ita ce ba ta zo ba.

Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Lokotoro ya lura cewa in aka tambayi mace sunan ɗanta na biyu ko na uku sai ta faɗa tar, na farin ne kawai ya ɓace mata, shi da na miji. Ko an faɗa mata sunan an ce ta maimaita, ba ta iyawa. Murna ta kusa kashe shi. Ga ciwo sabo ful, wanda ba ya cikin littafin kowa, har ya raɗa masa suna, ciwon mantuwa na matan Damargu. Da ya taka zuwa bakin rijiya ya tambayi mace ɗaya mai lafiya, da takardar ta mutu a ranar. Amma ina, mai bincike me zai yi da masu lafiya?

Mata shida ya rubuta a shekara ɗaya da rabi. Dukansu sun koma gidajensu ba abin da ya same su, don haka Yahuza ya samu abin lallashin zuciyarsa. Ai shi bai yi ƙarya ba, abin da suka faɗa ya juya. Kuma takarda ce za ta tafi Faransa, wa za ta ci a Damargu?

Ta bakwai ita ce Salamatu, matar Idi, wani manomi daga Ollelewa. Da faɗuwar damina aka kawo ta a kan takarkari, ƙafarta ta kumbura saboda turu. Yadda ciwonta ya fara, kowa a ƙauyensu ya sani. Kwana uku bayan suna ta fito tsakar gida a gaban surukanta, ta ɗaga jaririn sama tana rawa tana kira, “Jibrin! Jibrin ɗana!” Ba su jira wata alama ba. Mai jegon fari da za ta kama sunan ɗanta a gaban uwar miji, ai ba sai an tambayi malami ba. Daga nan barci ya ƙaurace mata, ta riƙa yage tufafi.

Wata huɗu ta yi a rumfar Yahuza. Dado ta yi mata wankan jego da kunun kanwa, ta riƙa ɗora mata yaron a cinya ana tsaye a kanta har ta saba. Sannu a hankali barci ya dawo, ta fara daka, ta fara yi wa 'yan uwanta marasa lafiya kitso. Ranar da wata baƙuwa ta shigo, Salamatu ta kau da kai daga yaron kamar ba ta san na wane ne ba, Dado ta tafa hannu ta ce, “Alhamdu lillahi, kunyarta ta dawo. Yarinya ta warke.” Aka aika Ollelewa cewa bayan girbi su zo su ɗauki matarsu.

Sai ga lokotoro ranar Litinin. Ya zaunar da ita ya yi tambayoyinsa. Ta faɗi rana, ta faɗi gari, da aka zo kan yaron ta ce, “Ban sani ba.” Lokotoro ya gyaɗa kai, ya ciro wata wasiƙa daga aljihu. Malaman mujalla sun karanta abin da ya aika musu, sun ce yana da ban sha'awa, amma ba za su buga ba sai an tsare mace ɗaya an duba ta kullum na tsawon lokaci, an kuma ɗauki hotonta.

“Wannan za mu ɗauka,” in ji shi. “Ranar Alhamis za ta bi ni Damagaram. Wata shida, ko shekara.”

“Da yaron, mushe?” Yahuza ya tambaya, yana kiransa yadda ake kiran maigida da Faransanci.

“A'a. Uwar da ba ta san ɗanta ba tana iya yi masa lahani. Ya zauna wurin danginsa.”

Yahuza ya san ɗakin da ake ajiye irinsu a can. Ya taɓa share shi lokacin yana koyon aiki, ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe da zobe a jikin bango. Ya kuma san abin da ke samun yaro ɗan wata huɗu in aka raba shi da nono. Abin da ya hana shi zama ke nan.

Ranar Talata da hantsi, bayan ya zagaya gidan likita ya fi sau goma, ya shiga wurin uwarsa. Tana zaune a inuwar zana tana kaɗi.

“Yaya, Nasara zai tafi da Salamatu.”

“Na ji,” in ji Dado, idonta na kan mazari. “Wa ya gaya masa ba ta san ɗanta ba?”

“Ita ta faɗa da bakinta.”

“Nasara yana jin Hausa ne? Daga bakinta ya ji, ko daga bakin mai juya masa magana?”

Yahuza ya ɗauki wani kara a ƙasa ya karya, ya sake karyawa.

Dado ta dubi kazar da ke tsattsaga a gabanta. “Ke kaza, kin ji wani abu. An kai yaro lakwal ya koyo harshen Nasara, ya dawo ya manta na gidansu. Za a raba jinjiri da nono a kan takarda. To Allah ya sa takardar tana da nono.”

Maganar ta soke shi, don ya san gaskiya ce. Ya fita. Yinin ranar ya je ƙofar masaukin lokotoro sau uku yana komowa. In ya tuna Salamatu sai ya doshi ƙofar, in ya tuna shafin nan mai sunansa sai ƙafarsa ta juya da kanta. Ya ji kunyar kansa ƙwarai, amma kunyar ba ta kashe kwaɗayin ba.

Sai ranar Laraba da safe ya shiga. Ya tsaya ya cire hula, ya zayyana wa lokotoro komai: yadda mace ba ta kama sunan miji, yadda ba ta kama na ɗan fari, yadda “ban sani ba” a bakinta ladabi ne. Ya ce matan nan shida ma haka ne. Ya ce laifinsa ne, tun ranar farko ya kamata ya faɗa.

Wuyan lokotoro ya ƙara ja. “Shekara ɗaya da rabi kana tsaye a gefena,” in ji shi, “ba ka taɓa faɗin wannan ba sai yau da zan ɗauki wadda kake tausayi?”

“Mushe, fita bakin rijiya ka tambayi kowace mace.”

“Bayan kai da uwarka kun gama gaya musu abin da za su ce? Garin nan maganarku yake ji.” Ya yi tafiya zuwa taga ya dawo. Shi ma a lokacin ya kasa zama. “To ji. Gobe da hantsi, kafin mu tashi, zan sake tambayarta. Tafintan bariki zai juya, ba kai ba. Mijinta da uwar mijin su tsaya su shaida ko sunan ne. Mai wannan ciwo ko an cusa mata sunan ba ya fita daga bakinta, na gwada. In ta faɗa, maganarka gaskiya ce, ta zauna, ni kuma in yaga takardata. Ka dai sani sunanka a jikinta yake.”

“Na sani, mushe.”

Ya fito yana jin kamar an sauke masa dami. Abu ya zo da sauƙi, kalma ɗaya ce za ta faɗa. Bai kai bakin rumfa ba sai ya ga jaki biyu a ɗaure. Idi ne ya iso daga Ollelewa tare da uwarsa Lantana, sun zo ɗaukar matarsu. Nan take ya tuna yadda ciwon ya fara, da kiran sunan nan a gaban wannan tsohuwar.

Ya sami Salamatu a bayan rumfa tana tankaɗe, yaron na kwance a kan zane nesa da ita kaɗan. Ya tsuguna ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har ya gama, sannan ta ajiye rariya.

“Malam, a gaban Inna Lantana zan faɗa?”

“Sau ɗaya kawai.”

“Wancan karon ma daga sau ɗaya aka fara.” Ta ɗago ta dube shi. “Turun nan yana bayan ɗakinmu, Malam, ba su ƙona shi ba. In na yi shiru Nasara ya tafi da ni. In na faɗa su ce ciwo ya dawo, su mayar da ni cikin ice, su karɓe shi daga hannuna. To wanne zan ɗauka?” Ba ta dubi yaron ba, amma hannunta ya kai ga zanen da yake kwance a kai ta gyara masa.

Yahuza ya tashi ya nufi Lantana, wadda ke zaune a gindin aduwa tana shan fura. Tsohuwa ce siririya, ba muguwa ba, amma abin da ta gani da idonta ta gani. Ya gaishe ta, ya yi mata bayanin takardar Nasara da sharaɗin da ya kafa, ya roƙe ta kada ta ɗauki abin da za ta ji gobe a matsayin ciwo.

“Malam, mun gode da wahalar da ka sha,” in ji Lantana. “Amma mu ba mu san takardar Nasara ba. Abin da muka sani, ranar da ta kira sunan nan ranar muka ɗauko turu. Mai hankali ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba ta faɗa. In ta faɗa gobe, to da sauransa a jikinta, ba zan kwana da jikana a hannunta ba.”

Ya koma wurin Idi. Idi ya sosa ƙeya ya ce shi dai abin da Inna ta ce. Ya koma masaukin lokotoro ya roƙa a yi tambayar a ɗaki ba kowa, lokotoro ya ce shaidun nan su ne dalilin gwajin. Ya komo rumfa, ya koma gida, ya sake fitowa. Har la'asar ta yi sanyi yana kai da komo a filin da bai fi taku ɗari ba, kuma duk inda ya juya sai ya tarar da shirun da ya yi shekara ɗaya da rabi da ta wuce yana jiransa.

Ranar Alhamis da hantsi an gama ɗaure wa raƙuma kaya. An ware ɗaya ba kaya a kansa, kowa ya san na wace ce. Labari ya riga ya zaga gari, matan da suka je ɗiban ruwa suka ajiye tuluna suka kewaye rumfar. Aka fito wa lokotoro da kujera, tafintan bariki ya tsaya a damansa. Idi da Lantana suna gefe guda. Dado tana zaune a ƙasa cikin mata, ta miƙe ƙafa, kamar abin bai dame ta ba. Yahuza kuwa yana can baya, yana sauya ƙafa.

Aka zaunar da Salamatu a kan tabarma, yaron a cinyarta.

“Nasara ya ce, yau wace rana ce?” in ji tafinta.

“Alhamis.”

“Wane gari muke?”

“Tanut.”

“Nasara ya ce, yaron nan da ke cinyarki, yaya sunansa?”

Salamatu ta dubi raƙumin da ba kaya. Ta dubi uwar mijinta. Sannan a gaban jama'ar nan duka ta sunkuya ta dubi fuskar ɗanta, ta daɗe tana dubansa, hawaye na sauka a kan zanensa.

“Jibrin,” ta ce. Tafinta ya matso da kunne, sai ta ɗaga murya. “Sunansa Jibrin. Ɗana ne.”

Matan suka ja numfashi gaba ɗaya. Wata ta rufe baki da gefen zane, wata ta ja da baya. Lantana ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi. Ya dawo. Idi, karɓo yaron.” Idi ya tako a hankali, idonsa na kan igiyar da ke wuyan jakinsa. Salamatu ta ƙanƙame ɗanta ta rufe ido. Yahuza ya yunƙura zai yi magana, amma me zai ce wanda bai faɗa jiya ba?

“Yahuza!”

Bai gane da shi ake ba. Muryar ya sani, sunan ma ya sani, amma bai taɓa jin su tare ba. Ya waiga yana neman mai kiran.

Dado ce ta miƙe tsaye a tsakiyar mata, ta ɗaure zanenta tamau. Fuskarta ta yi gumi, kuma wanda ya san ta ya ga abin ba da sauƙi yake fita ba.

“Yahuza na ce! Ɗana na fari, na cikina, wanda na yi kwana biyu ina naƙudarsa a Belbeji. Shekara talatin da ɗaya sunan nan yana cikin bakina, ban manta da shi ko na yini ɗaya ba.” Ta juya ta fuskanci Lantana, ta miƙo ƙafa ɗaya gaba. “To Lantana, kin ji ni ma na faɗa. Aika a kawo turun naku. Sai dai a huda rami biyu, don ga tawa ƙafar.”

Ba wanda ya motsa. Rabin matan da ke wurin Dado ce ta yanke wa 'ya'yansu cibiya, wa zai buɗe baki ya ce ta zare? Can wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, “Yau mun ga abin da ya fi ƙarfin kunya.” Dariyar ta bazu, wasu na yi suna share ido.

Lantana ta dubi Dado, ta dubi surukarta da ke ƙanƙame da yaro. Sannan ta ture hannun Idi, ta tsuguna ta ɗauki zanen goyo ta miƙa wa Salamatu. “Goya shi,” ta ce. “Tashi mu kama hanya, rana na yi.”

Lokotoro ya tambayi abin da tsohuwar ta ce, tafinta ya juya masa. Ya saurara har ƙarshe, alƙalaminsa a tsaye, karon farko da mutanen Tanut suka gan shi haka. Ya nuna wata mata mai tulu da bai taɓa gani ba, ya sa aka tambaye ta sunan ɗanta na fari. Matar ta rufe fuska ta ruga a guje tana dariya, ta bar tulun. Lokotoro ya ninke takardunsa biyu, ya sake ninkewa, ya cusa a aljihu. Bai yi wa Yahuza sallama ba. Raƙumin nan ya bi ayari ba kowa a kansa, kuma ba a taɓa buga ciwon mantuwa na matan Damargu a mujallar kowa ba.

Jama'a suka watse. Jakunan Ollelewa suka kama hanya, Salamatu a kan ɗaya da ɗanta a baya. Yahuza yana nan tsaye inda yake. Sai a lokacin ya tuna an kira shi bai amsa ba. Ya bi bayan uwarsa da sauri, ya cim mata a ƙofar gida.

“Na'am, Inna,” ya ce.

Dado ba ta waigo ba. Ta ɗan tsaya, ta gyara ɗaurin kallabinta, sannan ta dubi kazar da ke bakin zana.

“A gaya wa wancan randa ba ruwa.”

Ya shiga ya ɗauki guga, wannan karon bai manta ba. Bai kai rabin hanyar rijiya ba sai ya zauna a ƙasa a gefen hanya, guga a cinya, ya yi kuka kamar yaro, masu wucewa na tambayarsa ko lafiya, yana ce musu lafiya lau.